Rasuwar Zinariya, Motar da Aka Dawo Mini da Ita a Wanke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tambayoyin da har yau ba wanda ya amsa mini su, ni Alhaji Yahuza mai riɗi na Limawa, Dutse, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da 'yan kasuwar hatsi rasuwar jif ɗin gidanmu, wadda kowa ya sani da Zinariya. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin Lado bakanike, ina tsaye a kanta, bayan gajeriyar jinya. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a yi wa mota Inna lillahi, ya ce ko igiyar takalminka ce ta tsinke ka faɗa. To, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ba a hannuna ta tashi ba. Ta yi ƙuruciyarta a aikin gwamnati, tana yawo da malaman gona tun muna cikin jihar Kano. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka yi rabon kaya, sai aka turo ta Dutse ita da 'yar'uwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, aka jibge su a bayan wani ofis har awaki suka mai da ƙarƙashinsu ɗakin haihuwa. Ranar gwanjo mu biyu muka tsaya a kansu, ni da Alhaji Barau dillalin shanu. Shi ya fara zaɓa, ya ɗauki mai ƙyallin fenti. Ni kuwa na cire babbar riga na kwanta a ƙasa, na leƙa cikin kowacce, na ɗauki wadda ya raina. An yi mini dariya ranar, har da shi. A lokacin babu komai tsakaninmu sai gaisuwa. Yanzu surukina ne: ɗansa Kamilu ke auren 'yata Lauratu, kuma a cikin gidansa suke zaune.

Abin da na gani da na kwanta a ƙasa shi ne giyabos. Ga wanda bai san mota ba, akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashinta mai raba wa tayoyi ƙarfi. Nata yana da ƙaramar sanda ta biyu, wadda in ka ja, tayoyi huɗun duk su kama aiki, ta fita daga yashi kamar an kira sunanta. Duk tsawon zamanmu ba a taɓa kwance masa ko noti ɗaya ba. Irinsa ya ƙare a wurin masu kayan mota na Ƙofar Ruwa, ya ƙare a Panteka. Na sani, domin nakan tambaya, ba don ina bukata ba, sai don in ji daɗin amsar.

Sauran jikinta kuwa, gaskiya, taron dangi ne. Ban taɓa saya mata sabon abu ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Sifirin bayanta na wata a-kori-kura ne da ta faɗi a hanyar Kiyawa, shi ya sa take ɗaukar riɗi har sama ba ta durƙusa ba. Kafiretarta ta wata ƙaramar mota ce, Lado ya yi mata dabara ta zauna, shan manta ya ragu har maƙwabta suka fara zargin ina zuba mata ruwa. Hon ɗinta na tirela ne. Da lagiretonta ya fara yoyo, garin kuka muka zuba, ta riƙe shi damina biyu. Fentin da ya jawo mata suna ragowar na wata ƙofar makaranta ne, Ɗanladi mai fenti ya gauraya shi da wani abin da har yau bai gaya mini ba, ta fito rawaya-rawaya tana walƙiya a rana. Yara suka ce Zinariya, sunan ya bi ta.

Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. A shekarun wahalar mai ta sha na 'yan bumburutu, ta sha wanda aka surka da kananzir, ta yi tari ta wuce. Ta san hanyar Shuwarin, ta san ta Gujungu, ta san kowane rami daga nan zuwa Jahun. Da aka ƙaddamar da shari'a aka ce maza da mata su daina matsuwa a kujera ɗaya, na ɗauko tsohon gadon ƙarfen uwargidana Hajiya Zaituna, mai walda ya mai da shi benci biyu a baya, muka sa labule. A kan bencin nan mata nawa ta fito da su daga ƙauye cikin damina suna kan gwiwa, lokacin da ba motar da ke shiga. Akwai yara a gefen Miga da iyayensu ke nuna musu ita in mun wuce.

Ba mai yawan magana ba ce, amma muryarta ba ta ɓuya. Da safe in na murɗa mukulli sai ta ce “ƙiƙi-ƙiƙi-ƙiƙi”, ta yi shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ta ce “burrum”. In ta ɗauki kaya tana hawa sai ka ji “hmmm”, irin na dattijuwar da aka gaya wa labarin da ta riga ta sani. Wannan muryar na sani. Shi ya sa da ta canja, ni na fara ji.

Yanzu sai maganar jinya, kuma zan faɗe ta yadda ta faru, ba ƙari, kowa ya auna da kansa.

Cikin watan Agusta, ruwa ya zauna, Kamilu ya zo ya durƙusa a zaure ya ce babansa yana gaishe ni, wai ko za a ara masa Zinariya zuwa Miga, za su dubo gyatumar Alhajin ba ta da lafiya. Na ce ina taku? Ya sunkuyar da kai ya ce tana ɗan hutawa. Duk Dutse an san ba na ba da aron mota. Na hana kansila, na hana ƙanina ciki ɗaya. Amma suruki ya aiko, kuma da sunan tsohuwa marar lafiya. Na ɗaga ido sai ga Hajiya Zaituna a bakin ƙofar cikin gida tana yi mini kallon nan nata. Na miƙa mukulli. Na ce Kamilu, titi kawai, kada a sauka fadama. Ya ce in sha Allahu, Baba.

An ce za a dawo da ita da yamma. Sai washegari da la'asar ta shigo.

A wanke.

Jama'a, na daɗe a kasuwa. Na sayi riɗin da aka jiƙa don ya yi nauyi, na sayi buhun da aka sa mai kyau a baki. Mutum ya ari motarka ya dawo da ita da ƙura, ka gode masa, ya je inda ya ce. Amma wannan an wanke ta har ƙarƙashi, har cikin injin, wuraren da ni mai ita ban taɓa sa wa ruwa ba. Na zaro sandar baƙin mai, sabo fil, kamar zuma. Tanki cike, a lokacin da ake kwana a layin mai. Cikinta sai ƙamshin turaren wuta, kamar ɗakin amarya. Alhaji Barau da na sani, wanda yake raba goro ɗaya gida huɗu, shi ne ya yi wa motar wani wannan hidima? Na ce wa Kamilu an gode, ya jikin tsohuwa? Ya ce wace? Sannan ya ce au, da sauƙi.

Da ya tafi na zagaya ta a hankali. Ƙugiyar gabanta, wadda ake ɗaura igiya, ta lanƙwashe. Na durƙusa na duba fitila, sai ga zanen laka a cikin gilashin, a miƙe, kamar inda ruwa ya tsaya a bangon rijiya. Mai wanki ya wanke waje, bai iya shiga ciki ba. Na ɗaga kujerar direba, soso ya jiƙe. A ƙarƙashinsa na tsinci katantanwa, da ranta. Ban san katantanwa na zama a kan titin Miga ba.

A ranar kuma, wani ya gaya mini, ba tambayarsa na yi ba, cewa an ga 'yar'uwar marigayiya, jif ɗin Alhaji Barau, wadda aka kwana biyu ba a gani ba, ta bayyana a ƙofar gidansa. Ita ma a wanke. An ɗora ta a kan duwatsu, wai giya ta ƙi shiga. Mota ba ta tafiya, amma ta dawo gida daga inda take. Ban ce wani ya ja ta ba. Na dai san fadamar bayan Miga, na san inda dillalai ke ratsawa su tari shanu kafin su iso kasuwa, na kuma san abin da ke lanƙwasa ƙugiya.

Washegari na murɗa mukulli. Ta ce “ƙiƙi”, ta ce “ƙwal-ƙwal-ƙwal”, kamar ana buga ƙarfe a cikin tulu. Farin hayaƙi ya fito. Ta tashi dai, don ba ta saba ba ni kunya ba, muka lallaɓa har kasuwar Shuwarin. A can ne Adda Rakiya mai nono, wadda rugarsu ke gefen fadamar nan, ta hango mu, ta sauke ƙwarya ta riƙe haɓa ta ce, “Laa, Alhaji, ashe ta tashi? Sannu, sannu!” Na ce ta tashi daga ina, Adda? Sai ta dubi bayana, ta ga wani yaron Alhaji Barau yana cinikin tunkiya, ta ce ita fa gaisuwa kawai ta yi, nononta zai yi tsami. Ban ga laifinta ba. Shanun mijinta ta hannun Alhaji Barau suke shiga kasuwa. Amma ban taɓa jin an yi wa mutum sannu da jinya tun kafin ya faɗa wa kowa yana da marar lafiya ba.

Daga nan jiki ya yi ta baya. Baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ƙarfi ya tafi. Hawan da take yi tana “hmmm” sai da aka tura ta. Na kai ta wurin Lado, wanda ya san cikinta fiye da yadda ya san cikin gidansa, ya buɗe injin ina tsaye. Na ga fuskarsa. Ya leƙa, ya sa yatsa, ya shinshina, ya mai da murfi a hankali. Na ce Lado, me ka gani? Ya ce, “Alhaji, tsufa ne.” Na ce tsufa yana zuwa da yashi? Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce ai ko a mutane, wanda ya yi wa gawa wanka ba ya fita yana faɗin abin da ya gani. Na ce ai ba ta mutu ba tukuna. Ya ce to, kusan haka ne. Ina so a sani ban zargi Lado da komai ba. Na lura dai sabon baƙin man da ke cikinta irin wanda yake sayarwa ne, na kuma lura an fara ganinsa a ƙofar gidan Alhaji Barau yana kwanciya a ƙarƙashin waccan.

Ranar Talata ya ce a gwada tayar da ita sau ɗaya. Ta ce “ƙiƙi”. Ta ce “ƙwas”. Shi ke nan.

Mutum na farko da ya zo mini ta'aziyya Alhaji Barau ne. Ban aika masa ba, ban kai ga gaya wa Hajiya Zaituna ba ma. Ya zo da babbar riga da carbi, ya riƙe hannuna ya ce Allah ya mai da alheri, ƙarfe ne, kwanansa ya ƙare. Yana magana idonsa na ƙarƙashin mota. Da zai tafi ya juyo kamar abin ya faɗo masa yanzu, ya ce, “Af, Alhaji, giyabos ɗin nan fa kada a bar shi ya yi tsatsa. Ai gida bai ƙoshi ba.” Na ce haka ne, Alhaji. Na raka shi har bakin titi, muka yi musabaha hannu bibbiyu.

Na je wurin Malam Sharhabilu, tsohon alƙali, abokina tun muna samari, ba a kotu ba, a kan tabarmarsa. Na zayyana masa komai har katantanwa. Ya saurara ya ce katantanwa ba ta shaida. Ya ce ko shaidu biyu da suka gani da ido, ko a ɗora wa wanda ake zargi rantsuwa. Sannan ya tambaye ni, 'yarka a gidan wa take kwana? Wannan ita ce maganar, jama'a. In na sa surukina ya dafa Alƙur'ani a kan mota, ni zan koma gida in ci tuwona, Lauratu ce za ta wayi gari a tsakar gidan da ba mai amsa mata gaisuwa. In kuma na naɗe giyabos na aika masa, to na biya wanda ya nutsar mini da mota ladan aikinsa, kuma gobe abin da za a ara ya fi mota. In na sayar wa bare, a ce na wulaƙanta suruki yana nema. Duk inda na juya, yarinyar nan ce a tsakiya. Na kwana da wannan tunani fiye da yadda na kwana da rashin.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mijin wahalarta. Ta bar Hajiya Zaituna, wadda tun ranar ba ta ƙara yi mini kallon nan ba. Ta bar Lauratu, wadda da ƙarfen bambar motar ta koyi tsayuwa, kuma ita kaɗai ce ta yi kuka da hawaye da labari ya isa gidansu, a gaban kowa. Ta bar safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da batir mai sauran kwana. Ta bar masu faci daga nan har Gujungu da za su ji a jikinsu. Ta kuma bar 'yar'uwa ɗaya tilo, tana kwance a kan duwatsu tana fama da ciwon giya. Muna yi mata fatan abin da ya fi alheri.

Ga yadda za a yi jana'iza. Babu salla, babu likkafani, tamfol ne. Za a kwance ta ranar Asabar a garejin Lado, da rana, bayan azahar, ba da asuba ba kamar yadda wani ya ba da shawara. Zan zauna a kan kujera da butata daga farko har ƙarshe, Malam Sharhabilu zai zauna kusa da ni. Duk notin da ya fita a ajiye shi a kan buhu inda ido ke gani.

Tayoyi da sifirin na mijin Adda Rakiya ne, ya ɗaura wa amalankensa, don ta san na ji sannun da ta yi mini. Benci zai koma wurin mai shi, Hajiya ta ce a mai da mata gadonta. Hon na Ɗanladi ne, ya daɗe yana so. Injin kuwa na bar wa Lado gaba ɗaya, tunda shi ya san abin da ke ciki.

Giyabos na ba wa 'yata Lauratu, kyauta, halak malak, a gaban shaidu, kuma Malam ya tabbatar mini dukiyar mace tata ce, ba ta miji ba, ba ta uban miji ba. Na aika Hajiya ta tambaye ta ko tana so, ta ce, “A gaya wa Baba a kawo, akwai wuri a gefen gado.” Ban koya mata komai ba. Ita ce ta ƙara da cewa ranar da aka zauna aka gaya mata inda Zinariya ta kwana, za ta yi tunani. Saboda haka za a wanke shi, a shafa masa mai, a ɗora a baro, a bi da shi ta gaban majalisar Alhaji Barau, a yi sallama a gaisa yadda ya kamata, a wuce waccan da ke kan duwatsu, a shiga da shi ɗakin Lauratu a lulluɓe da zane mai kyau. Kamilu ne zai tura baron, na roƙe shi ya amsa. Ba wanda zai ce na hana gida, ga shi a cikin gida. Alhaji Barau kuwa dattijo ne mai kunya, na shaide shi, bai taɓa taka ɗakin surukarsa ba, bai taɓa buɗe baki ya roƙe ta ko allura ba, kuma ba na jin zai fara a kan ƙarfe.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidana da ke Limawa, a inda take kwana, wurin da baƙin mai ya yi tabo a ƙasa. Akwai tabarma, akwai ruwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya mai da mana da mafi alheri, ya kuma tona abin da ruwa ya rufe.

Mai zuwa ya zo da addu'a. Kada a zo da sifana.